Babin da Bukar Bai Wuce Ba

Ruwan farko na bana ya same ni a tsakar gida ina kwashe shanya. Kafin in kai ga zani na ƙarshe, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso daga katangar maƙwabta, wadda ita kaɗai ta rage ta ƙasa a lungunmu, sai na tsaya da kaya a hannu ruwa yana dukana. 'Yata Falmata tana zaune a bakin ƙofa da wayar babanta, wai aikin gida aka ba su na kwamfuta. Ta danna, ta yi tsaki, ta sake dannawa, amsa ta fito, ta wuce gaba abinta ba ta nemi izinin kowa ba. Ina da cikinta aka yi daminar da wannan ƙamshi ya tuna mini, kuma har yau ba na tuna ta zuciyata ta yi daɗi.

Ni Asabe ce, Bafulatana daga Madabo, aure ya kawo ni Soron Ɗinki, gidan Barebari. Kakanninsu sun zo daga Barno tun ba a haifi kakata ba, amma in tsokana ta motsa mini har gobe baƙi nake ce musu, su kuma su ce in je in nemi shanuna. Surukina Baba Goni mahaddaci ne, kuma mai ɗinkin babbar riga da hannu. Allura ce ta ci idonsa. Lokacin da na shigo gidan, haske da duhu kawai yake bambancewa, amma in aka miƙa masa riga ya shafa, zai faɗi ɗinkin wane gida ne. Maigidana Bukar, yau dai na faɗi sunan tunda takarda ba ta kai ƙara, ya tashi yana kallon idon mahaifinsa yana mutuwa kaɗan-kaɗan, ya rantse a ransa ba zai gaji allura ba. Ya yi difloma, aiki ya ƙi samuwa, ya hau acaɓa. Da abin da babur ya kawo ya shiga wata makarantar kwamfuta a saman bene wajen Ƙofar Nassarawa, inda wani malami ɗan kudu, Malam Fidelis, yake koyar da yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni da yarenta.

Wani kamfani na Abuja ya yi alkawarin zai zo Kano cikin azumi ya yi jarrabawa, waɗanda suka ci a ɗauke su horo, daga nan aiki. Malam Fidelis ya sa sunayen ɗalibansa. Ƙofar da muke kallo ke nan, ba mu da wata. In ta rufe, tabarmar Baba Goni da allurarsa suna nan a zaure suna jiran Bukar.

Shekarun nan ne na tashin bama-bamai. Gari ya koma shinge bayan shinge, mutum ya sauka daga abin hawa ya ɗaga hannu sama ya wuce a ƙasa, jaka a kafaɗa kuwa ta zama laifi. Sai aka hana acaɓa. Bukar ya turo babur zaure ya rufe shi da buhu, ya zama wurin kwanan kyanwa. Ana cikin tsakiyar zafi, irin wanda randa ma ruwanta ke ɗumi, aka sake kai hari a wata tashar mota a bayan gari, mutanen kudu suka shiga haɗa kaya. Malam Fidelis ya tara ɗalibansa ya ce zai kai iyalinsa gida ya dawo. Ya raba musu littafin da yake koyar da su, kwafi mai kauri da aka ɗinke da zare, ya buɗe babin da suka tsaya, ya ce: "Wannan shi ne tushe. Kowa ya riƙe shi da kyau. Kada ku wuce shi sai na dawo na gwada ku."

Bukar ya dawo gida ya karyi tsinken tsintsiya ya sa a ƙarshen babin, yadda ake yi a karatun zaure.

Babin alamomi ne, shi yana ce masa babin operators. Tunda ba kwamfuta, ba wuta, takarda kuma tsada, sai ya koma allo. Baba Goni ya ce sam ba a allon da aka taɓa rubuta Alƙur'ani ba, aka samo sabo dal. Kullum in an idar da sallar asuba, kafin rana ta fara gasa mu, zai zauna a gindin katanga da tawada da alƙalamin gamba, ya rubuta layi, ya karanta mini, in ba shi amsa, ya duba littafi. Ni ce kwamfutarsa, kwamfuta mai laulayi. A nan na koyi cewa tauraro shi ne ninkawa, karkatacciyar sanda rabawa, alamar tarawa guda biyu a jere kuma ƙarin ɗaya take nufi. Alamar daidai in ɗaya ce zuba abu ake yi a cikin suna, in biyu ce tambaya ake yi ko abu biyu daidai suke. Akwai ta "da", akwai ta "ko", akwai wadda in ta tsaya a gaban gaskiya sai ta mai da ita ƙarya. Na ce masa wannan kam mun san irinta a unguwa.

Rabawa ce ta fi ba ni haushi. Ya ce bakwai a raba biyu, na ce uku da rabi, ya ce uku.

"Rabin fa?"

"Ta zubar. In lambobi cikakku ne, ba ruwanta da rabi. In kina son abin da ya yi saura, wata alama ce daban za ki tambaya, mai kama da ta kashi cikin ɗari. Ita za ta ce miki ɗaya."

"Lallai wanda ya ƙera abin nan bai taɓa raba tuwo a gidan yawa ba," na ce.

Baba Goni yana zaure yana jin mu, ya yi dariya har da tari. A makonnin farko muna dariya sosai.

Bazara ta yi nisa, hadari ya riƙa haɗuwa a gabas yana watsewa, gumi yana bin bayan mutum ko yana zaune. Wayar Malam Fidelis a kashe. Bukar ya taka har Ƙofar Nassarawa, hannu sama a kowane shinge, ya tarar da kwaɗo a ƙofar bene. Ya dawo ya wanke allo ya sake rubuta babin daga farko. Fatake da suke zuwa daga Nijar da Chadi sayen riguna suka ɗauke ƙafa, hulunan da nake ɗinkawa suka taru a kwalla ba mai tayawa. Muka sauka daga girki uku zuwa biyu. Babur ya bar zaure wata safiya da wani mutumin ƙauye a kansa, ya dawo mana a matsayin gero da masara, kyanwa ta rasa makwanci.

Da ruwa ya sauka, ya sauka da fushi. Indararo ya riƙa zuba kamar da bakin ƙwarya, kwata ta cika ta shigo lungu, soron ɗakinmu ya fara yoyo a kusurwar gado. Na jera kwanoni a ƙasa, kowanne da irin kukansa. Itace ya jiƙe, in na hura wuta hayaƙi ya fi wutar yawa, idona ya yi ja kamar gauta. Sauro ya zo da iyalansa daga kududdufi. Katangar wani gida a bayanmu ta zauna da rana tsaka, maza suka fita da kwanduna suna kwashe ƙasa, Bukar a cikinsu, yana ɗauka leɓensa yana motsi. Na san abin da yake bita: wace alama ce kwamfuta take fara aikatawa in sun haɗu a layi ɗaya. Abin da ke cikin baka biyu tukuna, sai ninkawa da rabawa, sai tarawa da ɗebewa, har zuwa ƙasa. Ya haddace jerin nan sama da ƙasa, ƙasa da sama.

A cikin kwanakin nan wani abokin karatunsa, Sani, ɗan unguwarmu ta Madabo, ya zo da nasa littafin duk ya yi kunnuwa. Shi tuni ya wuce babin, ya yi gaba yana tuntuɓe shi kaɗai. Suka zauna a zaure, ina jin su ta bayan asabari.

"Bukar, mutumin nan fa ba zai dawo ba. Zo mu haɗa kai mu karanta na gaba. Abin da na gane in gaya maka, abin da ka gane ka gaya mini."

"Malam cewa ya yi kada mu wuce."

"Ai don yana zaton kwana kaɗan zai yi ne."

Maimakon amsa, Bukar ya ɗauki allo ya rubuta masa layi ɗaya mai alamomi a cakuɗe, ya ce ya faɗi abin da zai fito. Sani ya faɗa, ya kuskure. Ya sake, ya sake kuskurewa.

"Ka gani? Tushen ma ba ka riƙe ba, kana ɗora gini."

Sani ya tafi da kunya. Bukar ya shigo fuskarsa a sake, rabon da in ga haka an daɗe. Ni kuwa na ga kaurin abin da ke bayan tsinken nan, ya ninka na gabansa sau da yawa.

Azumi ya kama a tsakiyar damina. Ba a yi ƙishirwa sosai ba, yunwa ce ta yi mana zaman dirshan. Sahur ɗumamen tuwo, wani lokaci da miya, wani lokaci da ruwan barkono da gishiri. Buɗa-baki kunun tsamiya wanda sukari ya leƙa kawai ya wuce, ƙosai kuwa sai ranar da maƙwabta suka aiko. Ni an ce in sha saboda ciki, amma me zan sha? Bambancina da masu azumi niyya ce kawai. Masallaci sai an shafa jikin mutum kafin ya shiga, tafsiri ana gamawa kowa ya yi gida da sauri. Goma ga wata ta zo ta wuce ba mu ji gangar tashe ba. Da la'asar unguwa takan yi tsit, sai ƙarar tabarya nan da can, da muryar Bukar yana bita.

Wata la'asar haƙurina ya ƙare. Yana alwala, na ɗauki littafin na zare tsinken na buɗe shafi na gaba na ajiye masa a kan tabarma. Ya zo ya gani, ya kau da kai kamar wanda ya yi karo da matar aure ba mayafi, ya rufe, ya lalubo tsinken ya mayar.

"Asabe, me ya kai ki?"

"Yunwa ce ta kai ni. Jarrabawar nan saura kwana nawa? Malaminka yana can garinsu yana cin doya, ka tabbata ma yana tuna sunanka? Boko ne fa, Malam, ba Alƙur'ani ba. Wa zai kama ka in ka buɗe shafi?"

"Ba kamu ake tsoro ba. In na karanta shi a karkace, wa zai miƙe mini? Abin da ya shiga kai a karkace ya fi wanda bai shiga ba wuyar gyara."

"Karkatacce dai ya fi babu."

Na yi kuka, na faɗi maganganun da ba a faɗa wa mai azumi. Na ga maganar ta shige shi, don bai yi fushi ba, sai jujjuya alƙalami yake. Can ya tashi ya nufi zaure, na bi shi na raɓe a bakin ƙofa. Ya durƙusa gaban mahaifinsa ya faɗa masa komai, muryarsa ƙasa-ƙasa. Na san izini ya je nema, kuma na san da an ba shi da gudu zai karɓa.

Baba Goni ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce: "Ina yaro, malamina ya yi tafiya ya bar ni a izifi ɗaya. Damina ta wuce, rani ya wuce, ina nan a kansa. 'Yan uwana suka yi wa kansu ƙari, da ya dawo sai da ya sa suka wanke duka suka koma baya. Ni izifin nan har yau ko a barci aka tashe ni ba na tuntuɓe a cikinsa. Bukar, ba a yi wa kai ƙari. Masu jarrabawa malamai ne, in sun ga wanda ya riƙe kaɗan da kyau za su gane shi." Ya juyo da fuskarsa wajen ƙofa, don ya san ina nan. "'Yar Fulani, ki yi haƙuri. Ni ma ba na so ya zauna inda na zauna. Kin ga abin da allura ta yi mini."

Da mugunta ya faɗa, da na sami wanda zan tsana, na huta. Amma da ƙauna ya faɗa, da iyakar abin da ya sani. Na koma madafa na ci gaba da fama da jiƙaƙƙen itace.

Ranar jarrabawa ta faɗo a goman ƙarshe. Tun safe sama ta yi baƙi. Na goge masa rigarsa da dutsen guga na gawayi, Baba Goni ya tofa masa addu'a a ka, ya fita ba jaka, biro kawai a aljihu saboda shingaye. Wurin yana bayan gari, a ƙafa ya tafi. Yana fita ruwa ya tsuge, bai ɗauke ba sai bayan la'asar. Na wuni ina zubar da kwanonin yoyo ina mayarwa. Na dama kunu, na zuba masa ragowar sukarin da nake ɓoyo duka.

Rana ta kusa faɗuwa ya shigo, jiƙe sharkaf, takalmi a hannu, laka har gwiwa. Baba Goni ya ji takunsa.

"Bukar, yaya?"

"Alhamdu lillahi, Baba. Tambayar farko na amsa."

"Madalla. Sauran fa?"

"Ta farko dai na amsa."

Ya wuce ciki. Daga baya na ji yadda aka yi. Tambayar farko a kan alamomi ce, ya gama ta kafin na kusa da shi ya gyara zama, har mai tsaron jarrabawar ya tsaya a bayansa yana gyaɗa kai. Duk sauran daga bayan tsinke suka fito. Ya zauna yana kallon kwamfuta har aka ce lokaci ya yi. Sani ya yi ta kame-kame, ya ci rabi ya zubar da rabi, kuma da sunaye suka fito bayan Salla nasa yana ciki.

Amma a yammacin nan ban san ko ɗaya ba. Na ga dai bai cire jiƙaƙƙiyar rigar ba, ya shiga ɗaki ya fito da littafin, ya zauna a dokin ƙofa inda sauran haske yake. Ya zare tsinken ya yar a kwata. Ya buɗe shafin. Na kawo kunu na ajiye a gabansa, na sa masa dabino a hannu. Aka kira salla, masallaci bayan masallaci, bai ɗago ba. Ya juya shafi, ya sake juyawa, yatsansa yana bin layi, ruwa yana ɗiga daga hularsa a kan takarda.

"Malam, an sha ruwa."

"Asabe, zo ki gani." Muryarsa ba ta rawa, shi ya fi tsorata ni. "Kin ga wannan da suke ce wa class? Zanen riga ne. Irin wanda Baba yake zanawa a da, sau ɗaya a takarda, a ce ga wuya, ga aljihu, ga inda adon aska zai bi. Object kuma ita ce rigar da aka ɗinka da zanen. Zane ɗaya, riguna ko nawa, kowacce da launinta da mai ita. Alamomin nan kuma a ciki ake aiki da su. Shi ke nan fa. Abin da suka tambaya ke nan."

Ya ɗago ya dube ni, dabinon yana hannunsa.

"Ashe da sauƙi. Wallahi mako ɗaya ya ishe ni."

Na ji daga zaure an daina jan carbi. Makaho ba abin da yake wuce kunnensa, balle a gidan da ya yi tsit. Na kai wa Baba Goni kunun buɗa-bakinsa, na durƙusa na ajiye, ya lalubo kwanon ya riƙe bai kai baki ba.

"'Yar Fulani, me ya ce?"

"Ba komai, Baba. Karatu yake."

"Na ji," ya ce. Ya mayar da kwanon ƙasa a hankali.

Kamfanin bai sake zuwa Kano ba, benen Ƙofar Nassarawa ya zama shagon sayar da katifu. An yi Salla cikin ruwa, ba mu yi sabon ɗinki ba, a unguwar da sunanta ma ɗinki ne. Washegari da hantsi ina shara na ji Bukar ya yi sallama a zaure ya zauna a gefen tabarma. Sannan na ji ya ce, "Baba, ina kake ajiye alluran?" Sai da Bukar ya sake tambaya, tsohon ya miƙa hannu ƙarƙashin buzunsa.